Neman Kafiretar Tsohuwar Fijo: Lambar Inji Ake Bi

Sharhinmu na yau ya shafi wani ɗan ƙarfe da ake ɗauka da hannu ɗaya, wanda shi ke yanke hukuncin ko tsohuwar mota za ta ci gaba da ciyar da mai ita, ko kuwa ita za ta koma cin aljihunsa. Kafireta nake nufi, musamman ta Peugeot 504, motar da har gobe ana ganinta a tashoshin ƙauye tana jigilar mutane da buhuna, ana kuma ganinta a wasu gidaje an lulluɓe ta da tampol saboda ta marigayi ce, 'ya'yansa ba sa son rabuwa da ita. Idan kafiretar irin wannan mota ta gaji, abin da aka saba shi ne a tura yaron gareji kasuwa da tsohuwar a leda, ya nemo wadda ramukan notinta suka yi daidai, a ɗaura, a tayar, idan inji ya kama sai a ce an gama. Ni a ganina wannan hanya ita ce tushen yawancin kukan da masu tsofaffin motoci ke yi na shan mai da rashin ƙarfi. Hawa kan manifol shi ne mafi ƙanƙantar sharaɗi a cikin sharuɗɗan da kafireta za ta cika. Wanda ke neman ta gaskiya, daga lambar injinsa ya kamata ya fara, kuma sau da yawa zai tarar wadda yake nema ita ce wadda ya cire yana shirin jefarwa.

Sai mu fara da dalilin da ya sa neman ya yi wuya. A shekarar 1968 kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A nan gida, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar jami'in gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar haya, da salun da wagon da a-kori-kura. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kaduna kuwa ba ta ajiye ba sai tsakiyar shekarun 2000. Wato mun daɗe muna hawan motar bayan waɗanda suka ƙirƙiro ta sun wuce wurin. A farkon shekarun 1990 dokokin taƙaita hayaƙi a Turai suka tilasta wa masu ƙera motoci komawa injekta, kasuwar kafireta ta mutu a can. Kamfanin Solex na Faransa, wanda ya ƙera yawancin kafiretocin Fijo, sashensa na kafireta ya koma hannun Magneti Marelli na Italiya, sunan ya dusashe. Saboda haka buƙata tana nan a Kano da Maraɗi da Garwa, amma masana'antar da ta san ma'aunin kowace mota ba ta aiki. Giɓin da aka bari, tsofaffin kaya na hannu da kwaikwayo daga Asiya ne suka cike shi.

Don a fahimci abin da ya sa kowace kafireta ba ta zama a kan kowane inji, dole a tuna aikinta. Inji yana son iska da fetur a gauraye bisa ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi, ya ɗan ƙaru ko ya ragu gwargwadon ko ana silo ne, ko ana tafiya a miƙe, ko an taka totur za a wuce tirela. Kafireta ba ta da kwamfuta, ba ta da na'urar da za ta gaya mata ta yi kuskure. Abin da take da shi maƙogwaro ne mai ƙunci a tsakiya, wanda idan iska ta bi ta cikinsa da gudu sai ta zuƙo fetur daga ɗan ƙoƙon da fulot ke tsaron cikarsa, ta wasu ƙananan ramuka na tagulla da makanikai ke kira jet. Faɗin maƙogwaron, da girman kowane jet na mai da na iska, da tsayin man da ke cikin ƙoƙon, da yawan abin da ɗan famfon totur ke fesawa a taki ɗaya, duk injiniyoyi sun zauna sun auna su ne a kan wani inji takamaimai. Lambar da ke kan jet ma'auni ce: idan an rubuta 120, ramin milimita 1.20 ne. Lambar da ke cikin sunan kafiretar ita ma ma'auni ce: Solex 34 tana da baki mai faɗin milimita 34, wadda aka rubuta wa 32/35 kuwa baki biyu gare ta, ƙaramin yana buɗewa da fari, babban ya biyo baya idan an matsa. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, in ji Hausawa, kuma a nan burmin da lissafi aka yi shi.

To ita 504 ɗin ba mota ɗaya ba ce. Akwai mai inji cc 1796, wanda a samfurin da ya yaɗu ake kira XM7, kuma yawanci kafireta mai baki ɗaya yake ɗauka, Solex 34 BICSA. Akwai mai cc 1971, wato XN1, wanda ya zo da masu baki biyu, wani lokaci Solex 32/35, wani lokaci Zenith 35/40 INAT. Akwai kuma 404 da ta riga ta, mai cc 1618, da nata Solex ɗin daban. Wani zai ce to ai magana ta ƙare, sai a karanta sunan da ke jikin kafiretar a nemo irinsa. Bai ƙare ba. Ita wannan Zenith 35/40 INAT, a Jamus aka ƙera ta, kuma an ɗaura ta bibbiyu a kan injinan Mercedes da BMW masu silinda shida. Gangar jikin iri ɗaya ce, sunan iri ɗaya ne, amma wadda aka auna don ta ciyar da silinda uku na Mercedes ba ta ɗauke da jet ɗin wadda aka auna don ta ciyar da silinda huɗu na Fijo ita kaɗai. Haka sunan Solex: Faransawa sun ƙera, Jamusawa sun ƙera da lasisi, Mikuni na Japan ya ƙera, Brosol na Brazil ya ƙera. Abin da ke bambance su shi ne ɗan guntun ƙarfe mai lamba da ake maƙalawa a ɗaya daga sukurorin murfi, da lambobin da aka buga a jikin jet ɗin. Wannan guntun ƙarfe shi ne abu na farko da ke ɓacewa ranar da aka fara kwance kafireta a gareji, don kowa gani yake ba shi da amfani.

Masu Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, sun san wannan darasi ta wata fuska. Solex 34 PICT-3 da ke kan inji 1600 an auna ta ne tare da distiributar da ke karɓar zuƙar iska daga jikinta ta ɗan siririn tiyo. Idan aka haɗa ta da distiributa marar wannan tiyo, irin wadda ake kira 009, motar takan yi shiru na ɗan lokaci duk sanda aka taka daga tsaye, kamar za ta mutu, sannan ta zabura. Kafiretar lafiyarta ƙalau, distiributar ma lafiyarta ƙalau, haɗin ne bai yi ba.

Na san amsar da ƙwararren bakanike zai ba ni, kuma ba amsar raini ba ce. Zai ce shi shekara da shekaru yana wannan aiki, kowace kafireta aka kawo masa, sukuddireba kawai zai sa ya saita ta da kunne har inji ya kwanta. Gaskiya ne zai kwanta, amma a silo. Sukurorin nan biyu da ake murɗawa daga waje, ɗaya na gudun silo ne, ɗaya na cakuɗin mai da iska a silo. Da zarar direba ya taka ya hau titi, man da injin ke sha ta babban jet yake bi, kuma babu wani sukuru a waje da ke taɓa shi. Shi ya sa mota kan bar gareji tana kaɗawa lafiya lau, mai ita ya biya yana godiya, amma kafin ya isa Zariya daga Kaduna allurar mai ta faɗi fiye da yadda ya saba, ko kuma a kan hawa ta riƙa tari tana ja da baya. Kunne yana jin silo, ba ya jin abin da ke faruwa a cikin silinda ana gudun kilomita 100 da lodi. Kuma idan maƙogwaron ya yi wa injin girma, iska ba ta samun gudun da za ta zuƙo mai yadda ya kamata a ƙananan juyi, wannan kuwa ba saiti ke gyara shi ba, don a jikin ƙarfen yake. Masu ɗaura babbar kafireta a kan ƙaramin inji da fatan ƙarin ƙarfi, yawanci abin da suke samu ke nan.

Ɓarnar kuma iri biyu ce, ɗaya mai hayaniya, ɗaya mai shiru. Idan mai ya yi yawa, salansa za ta yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara cikin sam, rin su cinye kafin lokacinsu. Idan mai ya yi kaɗan, direba zai yi ta murna motarsa ba ta sha, alhali injin yana ƙuna daga ciki, bawul na fitar hayaƙi suna cin wuta, a ƙasar da zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya gwada lagireto. A da, lokacin da fetur ke da araha, shan mai abin tsegumi ne kawai. Tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023, lissafin ya sauya. A ɗauka, don misali kawai, motar haya tana yin kilomita 100 a rana, kuma kafiretar da ba tata ba tana ƙara mata lita 2 a wannan tafiya. A kwana 26 na aiki lita 52 ke nan. Mai mota ya buga da farashin gidan man unguwarsu, ya kwatanta da rarar da ya samu ranar da ya zaɓi kafireta mai araha a kasuwa. Bari in ƙara da wata ɗabi'a da ke ba ni takaici, wato zura waya ko allura a cikin jet da sunan wankewa. Tagulla tana da laushi. Ramin da ya tashi daga 1.20 zuwa 1.30 ido ba zai gani ba, amma faɗin hanyar man ya ƙaru da wajen kashi 17 cikin ɗari. Kafiretoci da yawa da ake zargi da tsufa, allura ce ta kashe su. Iska mai ƙarfi da ruwan wanki sun wadatar.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Mutum zai ce, ga sabuwa fil a kwali, tana ƙyalli, an rubuta 504 a jiki, ga kuma tsohuwa mai shekara arba'in da ta sha hannu, wane mai hankali ne zai zaɓi tsohuwar? Ba zan ce duk sabuwar kwaikwayo jabu ce ba, akwai masu aiki daidai gwargwado. Matsalarsu ita ce ba ka san abin da ke ciki ba. Wanda ya kwaikwayi gangar jiki yana son ta shiga motoci da yawa, don haka ma'auni ɗaya yake zubawa na tsaka-tsaki, wani lokaci jet ɗin babu lamba, wani lokaci lambar ba ta yi daidai da ramin ba, wani lokaci kuma zaren sukurun ya bambanta har jet na asali ba zai ɗauru ba. Ita kuwa tsohuwar, a duba me ke lalacewa a jikinta. Gasket, da fatar famfon totur, da allurar da ke rufe mai, da fulot idan ya huje, duk waɗannan kayan canji ne, ana sayar da su a ƙulli ɗaya. Babbar cutar tsufa ita ce sandar totur ta cinye mazauninta, iska ta riƙa satar hanya ta gefe, silo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wannan ma masu injin gurzar ƙarfe suna sa mata sabon bushin na tagulla ta koma daidai. Murfi ko gindin da ya ɗan lanƙwashe saboda an ɗaure noti fiye da kima, ana daidaita shi da sanfefa a kan gilashi. Abin da ba ya gyaruwa kaɗan ne: gangar da ta tsage, ko wadda ruwa ya kwana a ciki har ya ci hanyoyin mai, ko wadda wani ya riga ya huda da injin huji. In ba ɗaya daga waɗannan ba, tsohuwar da aka gyara ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba, domin ita an tabbata don wannan inji aka yi ta.

Idan kuwa dole sai an saya, to tafiya Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko aike zuwa Ladipo a Legas, tana buƙatar shiri. Kada a dogara da shekarar da ke takardun mota, ko rubutun da ke bayan but. Motar da ta yi shekara talatin a hanyoyinmu, da wuya a ce injinta na farko ne a ciki. Ana samun a-kori-kura da injin salun, ana samun 504 da injin 505, ana samun bulok na wannan da kan silinda na wancan. A goge jikin bulok a karanta abin da aka buga, a tabbatar da wane manifol ne a kai, sannan a nemi littafin gyaran wannan inji, wanda ke ɗauke da jadawalin jet, kuma yanzu ana samun irinsa a intanet. A kasuwa kuma a sa mai kaya ya buɗe murfi a gani da ido. A kama sandar totur a girgiza, idan tana wasa a san akwai aiki a gaba. A dubi cok: na waya ne da ake ja daga cikin mota, ko mai buɗe kansa da zafin ruwan inji ko da lantarki, domin idan motarka ba ta da hanyar da za ta ciyar da shi, a rufe zai zauna yana zuba mai. A dubi ta wane gefe wayar totur ke kamawa, da bakin tiyon distiributa, da bakin mayar da mai tanki idan motar tana da shi. Sannan a dubi wuyan sama, inda gidan filtar iska ke zama. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali a ƙasar hunturu shi ne rai. Kafiretar da gidan filta bai zauna a wuyanta ba, aka naɗe da roba ko aka bar ta tsirara, ƙurar Disamba da Janairu za ta bi ta nan ta shiga silinda ta yi aikin sanfefa.

Akwai masu cewa duk wannan bin diddigin na Turawa ne masu ajiye tsofaffin motoci don ado da baje koli, mu nan mota abin neman abinci ce. Ni kuwa gani nake hujjar a juye take. Bafaranshen da ke fito da 504 ɗinsa ranar Lahadi ya zaga gari, ko kafiretarsa ta sha mai ba zai ji a jikinsa ba, shi abin da ya dame shi lamba ta yi daidai da ta littafi. Direban da ke lodi kowace ranar kasuwa shi ne wanda kuskuren ma'auni ke ci kullum. Kuma ban ce sai mai tambarin asali ba ko ta halin ƙaƙa. Weber 32/36, alal misali, kafireta ce mai kyau da ake ɗaurawa a kan injina masu lita biyu iri-iri a duniya, kayan gyaranta da jet ɗinta suna samuwa da lambobinsu. Wanda ya ɗaura ta da farantin haɗi na kirki, da filtar da ta zauna, ya kuma zauna ya zaɓi jet yana gwaji a kan titi yana duba launin fulogi, ya yi aiki mai kyau, ko da ɗan baje koli zai yamutsa fuska. Abin da nake suka shi ne canji na ka-cici-ka-cici. Ita ma Weber ɗin ana kwaikwayonta sosai, don haka duk tambayoyin da suka hau kan Solex sun hau kanta.

Masu shawarar a cire injin gaba ɗaya a sa na Toyota mai injekta, ko a koma gas, suna da tasu hujja, kuma ga wanda ke tafiya mai nisa kullum lissafin zai iya ba su gaskiya. Sai dai wannan kuɗi ne na wani mataki daban, yana jawo canjin giya da wayoyi da famfon mai, ga shi yana raba motar da babbar falalarta, wato duk ƙauyen da ta tsaya akwai wanda zai iya buɗe ta da sifana. Mai motar gado kuma da ke tunanin darajarta nan gaba, ya sani masu neman tsofaffin Fijo da injinta suke nemanta.

Kafin ma a kai ga ciniki, akwai tambayar da ta kamata a yi: shin kafiretar ce ke da laifi? Tsofaffin makanikai sun san yawancin abin da ake ɗora mata daga wuta yake, kwantak da ya cinye, ko tayimin da ya goce, ko wayar fulogi da ke zubar da wuta, ko bawul da ba a saita ba. Wani lokaci famfon mai ne. Kafireta ƙaramin matsi take so, ƙasa da rabin bar a ma'aunin matsi, famfon motar injekta kuwa yana turo wajen bar uku, don haka wanda ya ɗaura mata irin wannan famfo zai ga mai yana ambaliya ko da yau aka fito da ita daga masana'anta. Wani lokaci man ne kansa. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba, kuma man bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da ruwa da ƙasa. Tankin da ya yi tsatsa zai toshe sabuwar kafireta cikin mako guda kamar yadda ya toshe tsohuwar, in ba a wanke shi an sa filta a hanya ba. Har wurin zama yana da tasiri: Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, iskarta ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi ɗaya cikin goma, don haka ma'aunin da ya yi daidai a bakin teku zai ɗan yi yawan mai a Filato, kuma mai mota a can yana iya buƙatar jet ƙasa da na littafi da mataki ɗaya.

Idan an duba duk waɗannan, aka tabbatar sayen ya zama dole, to a yi sharaɗi da mai kaya tun kafin kuɗi su fita, a gaban shaida, cewa za a gwada a kan titi da lodi, in ba ta yi ba za a dawo da ita. Kada kuma a bar tsohuwar a gareji ko a ba 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo. Jet ɗinta da bututun cakuɗinta da hannun toturinta, in allura ba ta taɓa su ba, su ne za a kwance a mayar cikin wadda aka sayo idan ma'auninta bai yi daidai ba, kuma a yau samunsu ɗaiɗai a kasuwa ya fi samun gangar jikin wuya.